Wayar Malam da Hantsi

Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne, ɗiyata tana rubutawa. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta.

Aikinta rubuta wa kwamfuta umarni. Ta ce nata ba ya fitowa a fuskar waya, yana can ciki, kamar mai tuƙa tuwon biki: a ci a ƙoshi, ba a ganta ba. Da hawan jini ya kama mijina, Malam, yana ta mantuwa da magani, sai ta haɗa masa wani abu. Kullum da hantsi wayarsa za ta yi ƙara, in ya ɗauka ya ji muryarta: "Baba, lokacin magani ya yi." Ko yana Babbar Kasuwa tsakanin buhunan gero sai kiran ya same shi. Yakan ce, "Yarinyar nan ta sa mini ɗan sanda a aljihu."

In bai ɗauka ba, abin ba ya haƙura. Zai yi ta kira har ya katse, ya sake, ya kuma sakewa. Sai ya gama da shi sannan ya kira tawa wayar, ya tuna mini nawa maganin.

Malam ya rasu da damina. Washegari wayar ta yi ƙara a aljihun rigarsa da ke rataye a ƙusa. Ban tashi ba. Na yi kuka a kwanakin nan har maƙwabta suka gaji da ba ni baki, daga baya kukan ya ƙafe. Abin da ya rage, in sa wayar a caji, in mayar da ita aljihun, in zauna da hantsi in saurara har ta gama nemansa. Haka na yi takaba.

Bayan na fita, ɗiyata ta zo mini nan Kambarawa da kwamfutarta. Ta ce an sabunta yaren kwamfutar da ta rubuta abin kiran da shi, kuma masu wurin da abin yake ajiye za su daina karɓar tsohon. Ko a sake rubuta shi, ko ya mutu.

"Inna, in cire lambar Baba?"

Na ce, "Bar ta."

Ta zauna a tabarma tana aiki, tana yi mini bayani. Wai tsohon kamar ɗan aike guda ne, sai ya tsaya a ƙofar gida an amsa masa kafin ya wuce gaba. Sabon kuwa 'yan aike da yawa yake saki a lokaci ɗaya, ba mai jiran wani, kuma kowa da iyakar tsayuwarsa. Ta yi ta gwaji, ta ce duk ya yi daidai.

Da hantsi wayoyin biyu suka ɗauki ƙara tare. Tawa ta danne tasa. Kafin in lalubo ta in kashe, tasa ta yi shiru.

"Ke, mi kika yi?"

"Gyara ne, Inna. A aikinmu jiran nan aibi ne. Shi ke jinkirta miki naki maganin."

Na ce, "Shi kaɗai ya rage a gidan nan da ke jiran ubanki."

Ta jawo kwamfutar gabanta. Sannan ta ce layi ɗaya ne a cikin rubutun, za ta iya mayar da shi. Na ce ta mayar.

Ta mayar. Yanzu wayar tana kira kamar da, ta katse, ta sake. Ina zama in saurara. Sai dai na ga lokacin da ta buga layin da yatsunta, na san sa shi aka yi ya jira. Da can ban sani ba.

In ta yi shiru, tawa ta kira, sai in tashi in sha magani.