Tagar Rufin Motar da Ta Kai Baba Arfa

Daga Jarwal

Ba a kira assalatu ba muka bar gidanmu na unguwar Jarwal a Makka, ni da maigidana Malam Ilu direba. Jidda muka nufa. Saƙo ya iso mana cewa mahaifina ya sauka daga jirgin ruwan Sudan, amma ɓarin jikinsa ya shanye tun a kan teku, bakinsa ya karkace, ba ya magana. Shekara goma sha ɗaya rabona da shi. Manomi ne na ƙasar Kano, kuma tun ina yarinya burinsa ɗaya ne, ya tsaya a Arfa. Saura 'yan kwanaki a hau, ga shi ko zama ba ya iyawa.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne motarmu. Wani Baturke ne ya zo da ita aikin hajji shekarun baya, ya sayar wa Malam. Bayanta ɗaki ne sosai, da gado, ga taga ta gilashi a rufi wadda ke buɗewa sama kamar murfin akwati. Tagar ta tsufa tana rawa, sai Malam ya kafe ta da ƙusoshi, ya malala mata kwalta kewaye. Na ce masa warin ya yi yawa. Ya ce mace ta san tuwo, direba ya san mota. Na shimfiɗa katifa a ƙarƙashin tagar, na ninke sabon haramin Baba a kai.

Bahara

Mun wuce askarawan shingen Shumaisi lafiya. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Fen rayih, ya hajji?" Malam ya ce Jidda, ya miƙa takardu, aka ɗaga mana hannu. Gaba kaɗan taya ta yi faci, ta cinye mana safiyar, sai da rana ta take muka shiga Bahara. Muka tsaya shan shayi da gurasa da wake. Na koma bayan mota ɗauko buta, sai na tsaya cik. Kwalta ta narke tana ɗiga, ta yi wa haramin baƙin tabo, ta manne a katifa. Ƙusoshin sun ɗago kai saboda girgizar hanya, gilashin kuma ya tsage gida biyu.

Na kira shi. "Malam, zo ka ga motar da direba ya sani."

Ya duba, ya cire hula ya sosa kai. "A Kano da wannan nake toshe kwano, damina guda ba ya yoyo."

"Ranar Kano daban, ta Hijaz daban. Da Baba ne a kwance fa?"

Ya mayar da hularsa. Tsoro ya riga ya kama ni, na naɗe haramin muka kama hanya.

Jidda

Mun sami Baba a masaukin alhazai na bakin teku, a kan tabarma, ya rame ƙwarai. Da ya gan ni hawaye suka zubo masa. Ya motsa baki, sauti ya fito babu kalma. Na rungume hannunsa mai lafiya na yi kukana har na gaji. Likitan wurin ya ce a kai shi Arfa in ana so, amma a kwance, kada rana ta buge shi, kada kuma a kulle shi inda ba iska.

Nan gardama ta tashi. Malam ya ce a rufe ramin da fallen kwano a huta. Na ce sai dai in gasa mini uba yake son yi. Wani mai walda ya ce a haɗe ƙarfen tagar da rufin da wuta, muka ce to ta ina za ta buɗe? Daga ƙarshe wata 'yar Sakkwato mai sayar da funkaso ta tura mu wurin masu sassaƙa jiragen ruwa, ta ce mu tambayi Ammi Bakur.

Dattijo ne, kakansa Bakatsine, shi kuwa a Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci. Ya hau rufin ya ƙwanƙwasa.

"Ya waladi, ƙusa ba ta riƙe abin da ke tafiya. Noti za ka sa, na tagulla. Na baƙin ƙarfe gishirin baharu ya cinye shi."

Malam ya ce, "To me zai hana ruwa da ƙura, Ammi?"

"Akwai biyu. Wanda muke cusa wa jirgi, auduga da man kifi, ya fi ƙarko. Lakin wari, wallahi mara lafiya ba ya ɗauka. Akwai ma'ajun, farin alli da mai. Ba ya narkewa, amma in mota ta yi tsalle yana tsagewa."

A nan Malam ya fanshi kansa. Ya ciro robar cikin tayar da ta yi mana faci, ya yanka ta siriri, ya ce a shimfiɗa ta tsakanin rufi da ƙarfen taga ta shanye girgiza, sannan ma'ajun ya bi ta sama. Ya yanko ƙanana ya sa ƙarƙashin kan kowane noti. Ammi Bakur ya ce, "Tayyib, ashe da kai a ƙarƙashin hular." Suka kankare kwaltar da kananzir, aka yanko sabon gilashi mai kauri. Malam yana ɗaure noti, dattijon yana tsawa kada ya matse har roba ta fito. Ni kuma na ɗinka labulen farin alawayyo mai ninki, na sayo wani harami. Kwana biyu muka yi ma'ajun yana kamawa. Kafin mu tashi na sa Malam ya tuttula buta uku a kan tagar, ina ciki ina kallo, ko ɗigo bai sauko ba.

Mina da Arfa

A Makka aka ɗauki Baba a gadon masu ɗawafi ya zaga Ɗaki. Muka kwana Mina, da hantsi muka bi jerin motoci zuwa Arfa, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba amma cunkoso ya mai da ita ta rabin yini. Na ja labule na ɗan ɗaga tagar, iska tana shiga, ina jiƙa masa leɓe da Zamzam. Ina karanta addu'a, yana bi da ido.

Bayan la'asar gari ya canza. Hadari ya taso ta bayan dutsen Arfa, iska ta fara fizgar tantuna, sai ruwa. Malam ya yi wuf ya rufe tagar, na zare labulen. Ruwa yana dukan gilashi, ciki a bushe ƙayau. Malam ya dube ni yana murmushi, yana jiran yabo, ni ma na buɗe baki zan ba shi.

Sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna sama. Na zaci jin daɗi yake. Ya ci gaba da nunawa, yana gurnani, fuskarsa ta ɓaci. Malam ne ya gane. Ya tura tagar ta buɗe gaba ɗaya, ruwa ya zubo wa Baba a fuska da ƙirji. Na zabura zan rufe, Baba ya riƙe mini zane.

"Bar... shi," in ji Baba.

Kalmarsa ta farko ke nan tun da ya sauka daga jirgi. Ya buɗe tafin hannu yana tarar ruwan, leɓensa yana motsi, a hankali na ji talbiyya tana fitowa, a karkace amma tana fitowa. Muka durƙusa ni da Malam a gefen gadon muna amsawa, har katifar ta jiƙe jagab.

Komawa gida

Bayan jifa muka gangaro Jarwal da yamma, maƙwabta suka fito suna yi wa Baba barka da sauka, Alhaji. Ya yi shekara biyu tare da mu, maganarsa ta dawo daidai gwargwado, har yana tsokanar Malam. Godiya ta tabbata ga Allah da ya cika masa burinsa. Allah ya saka wa Ammi Bakur da mai funkaso, ya saka wa Malam Ilu, wanda ya yi kwana biyu yana hana ruwa shiga, da lokaci ya yi kuma shi ya buɗe masa.