Mutari Ba Shi Ke Tuƙi Ba

Shekara bakwai ke nan da aka kai ƙanena Mutari makwancinsa, kuma a tsawon shekarun nan ban ji an ambaci sunansa a Magarya ba face an bi shi da girgiza kai. Uwa ta ga ɗanta ya fizgi babur sai ta ce kada ya yi irin ta Mutari. Ni yayarsa ce, malamar lekol, wato firamare, na gaji da jin wannan magana, shi ya sa na kawo ta jarida tunda a gida an hana ni baki.

Ga wanda bai san shi ba, Mutari shi ne yaron garinmu da ya taɓa shiga tseren mota a Faransa. Babanmu, mai kai gyaɗa da wake Kano, shi ya tura shi can ya koyi kanikanci bayan ya gama lise, wato babbar sakandare. Ya sami aiki a garejin wata ƙaramar ƙungiya da ke saka motoci a gasar matasa, irin motocin nan masu kujera ɗaya, tayoyi a waje, babu rufi, direba kusan a kwance yake a ciki. Daga wannan gasa ake tsinto waɗanda za su zama manyan direbobi. Wata shekara yaron da zai tuƙa motarsu ta biyu ya janye ana gab da farawa, mai ƙungiyar kuwa ya daɗe yana lura da hannun Mutari in ya fita gwada mota. Ya ce masa ya shiga, kaka ɗaya. Daga bazararmu zuwa yankan gero suna yawo gari gari, yau tsere a nan, bayan mako biyu ko uku a can, ana tara maki.

Na zaci garinmu zai yi alfahari. Ranar tseren farko fadar samari, majalisar shayinsu da ke bakin tasha, ta cika, an kafa waya a jikin butar shayi, kawuna sun haɗu. Mutari ya ƙare can baya. Kafin a sauke shayi na biyu an raɗa masa suna Kurar Baya, sunan kuma ya zauna. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Habu, ɗan baffanmu, direban layin Magarya zuwa Dungas. Habu ya ce motar da ko akuya ba za ta ɗauka ba ai ba mota ba ce, shi da fasinja cunkus da buhuna a sama ya fi haka gudu, kuma cikin yashi. Aka yi ta shewa. Daga nan duk ranar tsere ta zama ranar nishaɗi, ba a taruwa don a ga ya ci, ana taruwa ne don a ga na nawa zai zo daga ƙarshe.

A tsakiyar kakar an yi wani tsere cikin ruwan sama. Yara suka yi ta sulɓewa suna barin hanya, wasu suka daki juna, Mutari ya bi a hankali ya ratsa su har ya ƙare cikin na gaba. Ya kira ni a waya. "Yaya, yau na gane aikin," in ji shi. "Kowa ya iya taka totur. Wurin taka burki aka bar su." A fada kuwa cewa aka yi sauran ne suka faɗi, shi ya tsinci matsayi a ƙasa. Kakar ta ƙare bai fasa mota ko sau ɗaya ba, mai ƙungiyar ya yaba masa, sannan ya ba ɗan wani mai hali kujerar. Mutari ya tattara kayansa ya dawo gida da hular kwanonsa a jaka.

Da ya dawo, babu direban da ya kai shi tafiya a hankali a duk faɗin Magarya. Ƴan kabu-kabu suna wuce shi suna danna masa oda, suna kiran sunan da aka raɗa masa. In ana biki samari su zo su roƙe shi ya yi musu wasa da mota a gaban tawagar amarya, ya juya ta ta yi ƙara kamar yadda ake yi a Kano, sai ya ce hanyar da yara ke bi ba filin tsere ba ce. Suka ƙara masa suna na biyu, matsoraci. Ya buɗe ɗan gareji yana gyaran burki, yana faɗa da masu mota a kan tayar da ta suɗe, suna yi masa dariya suna kai aikin wani wuri.

Yau in na bi ta bakin tasha ina ganin ƙannen waɗancan samari da jajayen hulunan masoya tseren mota, sun haddace sunayen direbobin Turawa, suna gardama a kan wanda ya fi iya kwana. Ina tambayar kaina me Mutari zai ce da ya gan su. Ina jin zai durƙusa ne ya shafa tayar babur ɗinsu ya ce a canja. Su kuma za su ce masa ya tashi ya ba su wuri, don abin da suke so a tsere shi ne a ga an yi karo.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, za mu bikin suna a Dungas, ranar kasuwa, hanya cike da amalanke. Motar Habu muka shiga. Ni da Baffa, uban Habu, da wata gwaggonmu muna baya, Mutari yana gaba. Na ga ya kai hannu neman bel ɗin kujera, ya tarar babu, an yanke shi tuntuni an ɗaure murfin but ɗin motar da shi. Ya ce wa Habu ya ba shi ya tuƙa.

"In na ba ka sai an cinye ragon suna mu isa," in ji Habu. "Zauna ka gani, yau zan koya maka abin da Nasara bai koya maka ba."

Baffa ya yi dariya. Muna fita gari Habu ya taka. Mutari ya ce masa ya rage, ya sake cewa, Habu yana waiwayensa yana tambaya ko tsoro yake ji. A wata kwana mai yashi Mutari ya ɗaga murya ya ce burki, yanzu. Habu bai taka ba sai da ya ga amalanke a gabansa, motar ta dake shi. Mai amalanken, wani magidanci daga ƙauyukan Yekuwa, ya mutu nan take. Mutari ya fita ta gilashin gaba, bai kai azahar ba. Habu ya fito da ƙujewa a gwiwar hannu.

Ni an kwashe ni zuwa asibitin Damagaram da karayar ƙugu, ban san inda kaina yake ba. Da na dawo gida bayan makonni na tarar an gama shari'a ba tare da ni ba. Tun a bakin hanya, kafin jandarma su iso, Baffa ya tsara magana: Mutari ne ke tuƙi. Gwaggo ta gyaɗa kai. Jandarma suka rubuta abin da dattijo ya faɗa musu, wa zai yi musu, ai ɗan tsere ne. Garin da ya shekara biyu yana kiransa Kurar Baya ya wayi gari yana rantsuwa cewa dama gudu ne zai kashe shi.

Na ja sandata na shiga wurin Baba na faɗa masa abin da idona ya gani. Bai yi mamaki ba, ya sani. Ya ce, "Mamaci ba a kai shi kaso. Habu yana da iyali, kuma ɗan ƙanena ne. Na rasa ɗaya, so kike in rasa biyu?" Na ce sunan Mutari fa? Ya ce Mutari ba ya bukatarsa yanzu. Da na ƙi yin shiru sai aka fara faɗa wa masu zuwa dubiya cewa bugun da na sha ya taɓa mini kai, a yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mata suka riƙa dubana da tausayi suna shafa mini baya. Har gobe in na ɗauko zancen a gidan biki sai a kalli juna a ce ciwon ya motsa.

Baba ya rasu bai gyara maganar ba, kuma ban yafe masa wannan ba tukuna, ko da yake ina yi masa addu'a. Baffa yana nan a sahun gaba na masallaci. Habu ya sauke farali, ya zama babba a tasha, motoci uku ke aiki a ƙarƙashinsa. An faɗa mini in zai ba sabon direba makulli sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin ɗan'uwansa da gudu ya halaka, har idonsa ya kawo ruwa. Wai direbobinsa sun fi na kowa tafiya a hankali. Mutari ya so a rage gudu a wannan hanya, ga shi an rage da sunansa, amma sai da aka mayar da shi mai kisan kai.

In na auna abin da ya rage na ƙanena, kaɗan ne. Maki ƴan kaɗan a wata gasa da ba wanda ke tunawa, hular kwano da ke cikin adakata, da ni, shaidar da aka ce ba ta da hankali. Sauran duk yana hannun Inna, mahaifiyarmu, kuma ita ce abin da ya fi ci mini rai. Na faɗa mata gaskiya sau da yawa, ta ce in ji tsoron Allah in bar ɗora wa yaron mutane laifi. Ta yarda ɗanta ya ɗauki rai, ta yarda yana kwance da alhakin marayu a wuyansa. Duk kaka takan ware buhun gero mafi kyau ta aika wa matar mai amalanken can Yekuwa, da saƙon a yafe wa Mutari. Ba ta iya zuwa da kanta, ƙafafu sun ƙi. Bana ina tsakar gida lokacin da mai kai saƙon ya zo. Habu ne, shi ke kaiwa kowace shekara. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta dafa kansa ta ce Allah ya yi masa albarka, shi kaɗai ne bai guji ɗan'uwansa ba duk da abin da ya aikata. Habu ya ce amin, Inna. Ya saɓa buhun ya fita.