Ranar da Aka Yi wa Kukan Honorine Dariya

Wata biyu ke nan, amma har yanzu in na ji taro ya fashe da dariya sai gabana ya faɗi.

Madam Honorine Vasseur mai guga ce a garinmu, Fécamp, da ke bakin teku a Faransa. Ita ta goge rigar da na karɓi digirina da ita bara, a 1970. Ubanta mai ɗinkin taru ne. Tana da shekara goma sha bakwai ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ta fito a fim goma sha ɗaya, zamanin da fim ba ya magana. Takan ce fitilun wurin ɗauka ƙona ido suke yi, sai an kwanta da yankan ɗanyen dankali a kan fatar ido. Da fim ya fara magana, aka saurari muryarta mai kaushi irin ta matan bakin teku, aka sallame ta. Ta dawo ta ɗauki dutsen guga, shekara arba'in.

Ba wanda ya yarda da labarin. Baba Anselme mai burodi kullum sai ya tsokane ta.

"Tauraruwa, yau ma Paris ba su aiko mota ba?"

"Sun aiko, tsohon banza. Direban ya ci burodinka, yana asibiti."

A kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Rouen na tsinci fim ɗinta guda. Na yi alkawarin nuna shi a zauren gari ran Lahadi da rana, kowa ya gani da idonsa. Ta zo da hular da ta adana tun Paris, ta zauna a gaba.

Abin da na manta shi ne, kyamarar dā da hannu ake juya ta, a hankali. Ni kuwa na saki majigi a saurin fim ɗin yanzu. A labarin, ita ce matar masuncin da aka kawo wa rigar mijinta da teku ta cinye. Sai ga ta tana zabura kamar kazar da aka kora, tana kuka kai na kaɗawa. Zaure ya kece da dariya.

Na kashe inji. Can na ji ƙarar sandar Madam Honorine a matakalar ɗakin majigi.

"Yaro, wa ya ce ka kore ni da gudu? Injin nan ba shi da mariƙin juyawa?"

"Akwai, Madam, amma ban taɓa…"

"Bar fitilar kawai. Mai ɗaukar fim ɗinmu waƙar maci yake yi a hanci, kowane taku juyi ɗaya. Ni zan yi waƙar, kai ka juya."

Ta fara, da muryar nan da Paris ta ƙi. Na juya. A allo, yarinya 'yar ashirin ta karɓi rigar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta shafe wuyan rigar da tafin hannu kamar mai guga. Zaure ya yi tsit.

A bakin ƙofa Baba Anselme ya cire hula.

"Honorine, ashe…"

"Ashe me? Kawo rigunanka gobe, wuyansu ya yi baƙi."

Sai a hanyar gida na tuna tagar ɗakin majigi ɗaya ce, ni kuma na tare ta. Ba ta ga komai ba. Na roƙe ta in sake nuna mata ita kaɗai.

"Bari, ɗana," in ji ta. "Ai ina wurin."