Filogi na Uku

Yayanmu makanike ne, shekara ashirin da bakwai ke nan yana cikin baƙin mai. A layin garejinsu Likita ake ce masa, don ba ya buɗe bonet sai ya gama saurare. Zai tsaya gefen mota ya karkata kai kamar mai jin gulmar maƙwabta, sannan ya ce abu kaza ne. Sau tara cikin goma haka ɗin ne. Na goman kuma sai ya ce ai mai motar ne ya cika shi da surutu.

Sai dai motar gida ba ta da rana a wurinsa. Autanmu yana da wata tsohuwar farar mota da ta shekara biyu tana abin da makanikai ke cewa misin: injin yana tafiya yana ɗingishi, salansa tana tari, ta yi uku ta tsallake ɗaya. Kullum Auta ya ce, "Yaya, yaushe za ka duba mini ita?" sai Yaya ya ce, "Kawo ta gobe." Auta ya yi dariya ya ce, "Gobenka ta fi ta tela nisa."

A hankali tarin nan ya zama sallamar Auta. Mama idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Da yamma takan zauna a kujerarta ta bakin taga, tun motar tana shan kwanar layinmu za ta ce, "Ga mai tari nan, a zuba masa abinci."

Ciwon kwana huɗu ne ya ɗauke Auta. Yaya ne ya yi zirga-zirgar asibiti, shi ya sa hannu a takardu, shi ya faɗa wa Mama. Ban ga hawayensa ba. Bayan mako guda ya koma gareji, yana fita da safe, yana dawowa ya wanke hannu da omo, ya ci abin da aka ajiye masa ba tare da ya tambayi ko mene ne ba. Ni ma ba zan ce na fi shi ba. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an mintsine ta ba ta sani ba.

Matar Auta malamar makaranta ce, ita ta ci gaba da hawan motar. Kowace yamma takan biyo da yaransu biyu su gaida Mama. Motar na shan kwana Mama za ta ɗago kai, bakinta ya ɗan motsa, sai ta rufe shi. Ba ruɗewa ta yi ba, ta san wanda aka binne. Amma tsakanin kwana da ƙofar gida akwai kusan minti guda, kuma wannan mintin nata ne. Duk mun gani. Yaya ma ya gani, shi ya sa da matar Auta ta yi masa maganar gyara sai ya ce gobe. Wannan goben ba ta kasala ba ce.

Wata biyar muna haka. Rannan da hantsi matar Auta ta biyo ta ɗauke ni, muka tafi gareji. Ba ta zauna a bencin da Yaya ya nuna mata ba.

"Yaya, ni ba ni da goben nan," ta ce. "Jiya a tsakiyar mararraba ta mutu, yara suna ciki, tirela tana bayanmu. Da kyar direban ya taka burki."

Yaya ya dubi motar, ya dubi ƙasa. Bai tsaya sauraron motar ba, ya riga ya haddace ta. Ya ce wa matar Auta ta tada motar, ta bar ta a silo, kada ta taka totur. Ya buɗe bonet, ya naɗe hannu da tsumma, ya zare wayar filogi ta farko. Injin ya ƙara rikicewa kamar zai mutu, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku, babu abin da ya canja.

"Wanda kika cire injin ya jigata, wannan yana aiki," ya ce mini, ko da yake ban tambaye shi ba. "Wanda kika cire ba a ji komai ba, ya daɗe da mutuwa."

Ya sa aka kashe motar. Ya musanya wayar da ta kusa da ita aka sake tadawa, don ya tabbatar ba waya ba ce. Ba ita ba ce. Ya ɗauko sifana ya kwance filogin. Ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da fetur, farin jikinsa ya tsage daga sama har ƙasa. Ya ɗaura sabo. Da aka tada, injin ya ɗauka sumul, kamar motar kowa.

Minti goma sha biyu aikin ya ci. Na duba agogo, ban san dalili ba. Ba wanda ya ce madalla. Yaya ya goge tsohon filogin ya jefa a aljihun riga.

Da yamma ya ce shi zai tuƙa mu gida. Muka ɗauko yara, muka sha kwana, muka tsaya a ƙofa. Ta taga ina hango Mama, kanta a sunkuye, tana jan carbi. Sai da Yaya ya yi sallama a falo ta ɗago.

"A ƙafa kuka zo?"

"A motar muka zo, Mama."

"Ban ji ta ba."

"Na gyara ta."

Ta shafa kan ƙaramar jikarta da ta jingina da ita. "Gara haka," ta ce. "Allah ya yi albarka." Can ta ce, "Me ya lalace a ciki?"

Ya ciro filogin ya sa mata a tafin hannu. Ta juya shi, ta bi tsagar da ɗan yatsa.

"Wannan ɗan abin ne duka?"

"Shi ne duka."

Ta ƙulle shi a gefen mayafinta. Sannan ta ce a taimaka a janye mata kujerar daga bakin taga, wai iska tana damunta. Yaya ne ya ɗaga kujerar. Ya tsaya da ita a tsakiyar falo, bai san inda zai ajiye ta ba.