Kwamfutar da Ta Sha Turare

A wurin aikinmu na unguwar Bonapriso, a Douala, na sayi kwamfutar, lokacin da aka kawo sababbi aka sakar wa ma'aikata tsofaffin. Irin mai akwatin nan ce da ake turawa ƙarƙashin tebur. Na rungumo ta a bayan bensikin, wato acaɓa, har unguwarmu New Bell, na sa aka ja mana wayar intanet, duk saboda Inna. Tana da yaya a Kano, ciki ɗaya, rabonsu da ganin juna tun ina goye. Sukan gaisa a waya, amma wayoyin lokacin murya kaɗai suke kaiwa. Da labari ya zo cewa Yaya ta kwanta kuma jikin ya ƙi, sai ɗanta ya ce zai kai mata tasa kwamfutar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su ga juna tun da sauran hali.

A makon nan ne injin ya ga damar tsiro da tsiya. Ramin da ake soka kabul a bayan akwatin yana da 'yar fitila koriya. Sai ta kama, ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta mutu. Kwamfuta ta rubuto mini da Faransanci wai an zare kabul, alhali ga shi nan a soke, da hannuna na soka. Na fara da zagin kamfanin intanet, don a Douala su ake fara zagi, kuma ba kasafai ake ɗaukar alhakinsu ba. Na aro kwamfutar hannu wurin abokin aikina, na soka mata kabul ɗin, rezo, wato intanet, ya zo garau. Duk da haka na sayi sabon kabul. Na goge manhajar da ke tafiyar da ramin, na sake zuba ta daga faifai. Na shiga shuɗin allon nan na BIOS, inda ake saita kayan cikin injin, na tarar ramin a kunne yake. Yau kwamfutar ta san da shi, gobe ta ce ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Wallahi na gaji. In taso daga aiki, in sha cunkoso, in naɗe wando in ratsa ruwan da ya cika lungunmu, sannan in durƙusa ƙarƙashin tebur kamar mai neman allura. Inna ba ta matsa mini ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Sai dai ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, in na ɗago ta tambaye ni ya mai jikin.

Ranar Laraba na kwance murfin akwatin, sai ƙamshi ya buge ni kamar na buɗe adakar Inna. Duk wanda ya yi damina a Douala ya san warin danshi, yadda yake shiga katifa da tufafi. Maganinsa a gidanmu kasko ne. Kullum da hantsi, bayan na fita, Inna takan zagaya da turaren wuta, ta tura ƙarƙashin gado, ta sa cikin kabad. Ashe tun da kwamfutar ta zo ta shigar da ita layi. Takan ajiye kaskon a gefen akwatin, ta lulluɓe su da zane don hayaƙin ya kama sosai, yadda take yi wa kayan sawarta. Ni kuma nakan bar injin a kunne, fankarsa tana ta zuƙa. Turaren na sukari da mai ne. Ya bi komai ya yi danƙo ruwan ƙasa, ƙura ta manne, danshi ya hau kai, haƙoran ramin duk sun yi kore.

Na yi mata magana, raina a ɓace. Ta ce tun kafin a haife ni take turara kayanta, ba abin da ya taɓa mutuwa. Wai injin da ciwonsa ya zo, in ba haka ba me zai sa ofis su saki. Kuma ita ba za ta gana da yayarta ta cikin abu mai wari ba. Na koma ƙarƙashin tebur.

Na goge da tsohon buroshin haƙori da alkol, wato sifirit. Fitilar ta kama, kafin in gama wanke hannu ta sake mutuwa. Ramin kuwa a liƙe yake da babban allon injin, ba a cire shi. Washegari na tafi Ndogbong wurin masu sayar da tsofaffin kayan kwamfuta. Mai shagon ya tona wani kwali, ya miƙo mini kati mai nasa ramin, ya gaya mini da Pijin cewa in bai yi ba kada in dawo masa da shi. Na soka katin a gurbinsa, na kashe tsohon ramin daga BIOS. Fitila ta kama, ta tsaya. Ko murna ban iya yi ba, bayana kawai nake ji.

Ranar Juma'a Inna ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗauro atamfarta ta zuwa biki, ta zauna gaban allon a miƙe. Hoto ya zo yana tsinkewa, sannan ya daidaita. Wata 'yar tsohuwa ce aka jingina da matasai, duk ta zube, idanunta na kallon bango. Ɗanta ya sunkuyo ya gaya mini ƙasa-ƙasa cewa ciwon sukari ya tafi da idanun tun bara, ba su so su faɗa ba ne. Amma da ta buɗe baki, muryar nan ce da muka saba ji a waya, tas da ita.

"Ƙanwata, an ce kina ganina."

"Ina ganinki, Yaya. Kina nan yadda kike."

Inna ta laluba ta riƙe wuyan hannuna, ta matse har ya yi mini zafi. Ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce, "Ɗan nan, kashe hoton. Bar mini muryar."

Na danna maɓallin, allon ya yi baƙi. Suka ci gaba da hira har aka kira la'asar. Yaya tana ta tambaya ko har yanzu ana ganinta, Inna tana ce mata ana gani.