Zanen Direban Bas ɗinmu

Shekara talatin da ɗaya Orest Hlady ya yi yana tuƙa bas ɗin makarantar garinmu a Manitoba ta ƙasar Kanada, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ɗaga masa murya ba. Ɗan manoma ne, auta a gidansu. Da iyayen suka rasu aka sayar da gonar, sai ya koma wani ɗan gida a bayan layin dogo, shi da karensa. Bai taɓa aure ba. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, ga kunya kamar baƙo a gidan surukai, in ka gaishe shi da ƙarfi har kunnuwansa sai sun yi ja. Lokacin sanyi yakan tsaya a bakin hanyar gonarmu ya jira ni, alhali doka ta hana shi jiran kowa. In na shigo ina haki, abin da zai ce bai wuce, "Sannu Corinne, kula da matakalar nan, akwai santsi."

To wannan bawan Allah muka yi wa sata, ni da ƙawata Rhonda, muna 'yan shekara sha biyar. Yau na haura arba'in, amma in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Littattafai ne suka ja mu. A hutun shekarar mun cinye duk wani labarin matasan ɓarayi da ke ɗakin karatun garin, irin waɗanda suke shiga manyan gidajen tarihi su ɗauke zanen hoto mai tsada, duniya ta ɗauka, su kuma suna gefe suna dariya. Rhonda ta ce, "Ke dalla dube mu! Mutane na can suna abin a zo a gani, mu muna nan muna tsinar ƙwai a akurki."

Na ce, "To uwar dabara, me za mu sata a garin nan? Kabewar da ta ci gasa?"

Ashe ta riga ta gama shirinta. Kowane Agusta ana bikin nunin amfanin gona, kuma akwai zauren da ake rataye zane-zanen gasa. Kowane zane da 'yar takardarsa a jiki, an ninke wajen sunan mai shi an liƙe, don kada alƙali ya san na wane ne ya yi son kai. A shekarar an yi ta raɗe-raɗin cewa wani shahararren mai zane daga birni, wanda ke hutu a bakin tafki, ya saka nasa a ɓoye. Rhonda ta ce abu mai sauƙi ne, wanda ya fi duka kyau shi ne nasa, shi za mu ɗauke.

Mahaifiyata tana cikin matan kwamitin zauren, don haka na san komai. Na san alƙali sai ƙarfe huɗu yake zuwa, na san ana tokare ƙofar baya da bulo saboda zafi, na kuma san da ƙarfe biyu, in aka fara gasar jan kaya da tarakta, ko tsohuwar da ke gadin zauren ba ta iya zama.

Muka shiga da buhun abincin kaji, rana tsaka. Zane-zanen sun kai arba'in, furanni da dawaki da kuliyoyi, amma ko musu ba mu yi ba. A tare muka tsaya gaban guda ɗaya. Hanya ce miƙaƙƙiya da sassafe, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, haske ya fara fitowa shuɗi-shuɗi. Wallahi kana kallonsa sanyi na shiga haƙoranka. Rhonda ta ce, "Tabɗi! Wannan ai ba hannun 'yan garin nan ba ne." Ni na sauke shi daga ƙusa, da hannuna. Ba zan ɗora wa Rhonda wannan ba.

Sai da muka hau saman rumbunmu muka ɓalle takardar, muna ta ƙyalƙyala dariya. Orest Hlady, da ƙananan haruffa. Dariya ta ɗauke. Ashe hanyar da yake gani ce kullum ta gilashin bas. Kafin ranar nan babu wanda ya san yana zane, ko mutum ɗaya.

Na ce mu mayar yanzu-yanzu. Rhonda ta ce, "Kin haukace? An gama gasar tarakta, zauren ya cika. Ki shiga da buhun kaji ki ce musu me?" Na mayar da zanen cikin buhu. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Muka zauna jiran ihun ɓarayi, jiran 'yan sanda. Shiru kake ji. Da yamma muna cin abinci mahaifiyata ta ce wa babana, "Kayya, Orest! Da ƙyar fa ya kawo zanensa da safe, yana ta ɓoye shi cikin bargo. Kafin alƙali ya zo kunya ta kama shi, ya lallaɓo ya ɗauke abinsa. Mun dai yi shawara kada wadda ta yi masa maganar, kar mu ƙara masa kunya." Haka mutanenmu suke. In suka ga abin da zai kunyata mutum sai su kau da kai, su ce sun kyauta masa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin abincina.

Sauran labarin sai da aka koma makaranta na ji. Ina tsaye a bakin ajin zane ya shigo da kwali cike da fenti da burushi, ya ajiye wa malamar, ya ce a ba yara. Ta ce, "Haba Mista Hlady, kai fa?" Ya murza hularsa a hannu ya ce, "Na gwada sa'ata a bikin bana. Da na koma da yamma sai na ga ƙusa kawai. Matan kwamiti sun san aikinsu, sun rufa mini asiri, sun sauke shi kafin jama'a su gani. Na gode musu ma." Bai tambayi kowa ina zanen yake ba, don a ganinsa tambayar ma rashin kunya ce.

Ga ni tsaye, taku uku tsakanina da shi. Da na buɗe baki a ranar, da shi ke nan. Sai na sunkuya ina gyara igiyar takalmi. Shekara uku na ƙara ina shiga bas ɗinsa, yana jirana, yana ce mini sannu.

Zanen kuwa ya bi ni birni a cikin buhunsa, daga wannan gidan haya zuwa wancan, kullum a bayan kabad. Ban iya rataye shi ba, ban iya yar da shi ba. Rhonda ta yi aure a nesa, in mun haɗu muna hirar komai ban da wannan. Shi kuma ya yi ritaya, yana noman dankali a bayan gidansa, yana share wa maƙwabta ƙanƙara ba tare da sun roƙe shi ba. Shekara ashirin da biyu aka yi a haka, sai mahaifiyata ta ce mini a waya an kai Orest gidan kula da tsofaffi.

Na same shi zaune a kujera kusa da taga. Hannayensa biyu suna ta karkarwa a kan cinyarsa, har ruwa sai an riƙe masa kofi. Ya gane ni nan take. Na zare zanen daga buhu na jingina a gabansa, na faɗa masa komai, ban rage ko ɗaya ba. Ina magana ina kuka, abin kunya, ni da na yi laifin.

Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce, "Kenan ba matan kwamiti ne suka sauke shi ba?"

"Ba su ba ne, Mista Hlady. Su sun zaci kai ka ɗauke."

"To me ya sa nawa? Ai suna da yawa a bangon."

Na ce, "Mun ɗauka na mai zanen nan ne na birni. Naka ya fi duka kyau, nesa ba kusa ba."

Ya ce, "Kada ki faɗa don ki faranta wa tsoho rai, Corinne."

"Wallahi gaskiya ce. Ko musu ba mu yi ba."

Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Bai zage ni ba. Ya miƙa hannu zai taɓa zanen, yatsun suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya mayar da su cinyarsa ya danne ɗaya da ɗaya.

A hankali ya ce, "Akwai wasu zane-zanen da yawa a kaina lokacin. Da ma kin faɗa mini tun hannun nan yana jin maganata."