Tafarnuwa a jakar Ilham

Jama'a, yau 'yata Ilham ta dawo daga makaranta tana kuka, jakarta sai warin tafarnuwa take yi.

An ba su aiki ne a kan wani tsohon littafin Turawa, na gawar da ke tashi tana shan jinin mutane. Jiya ta yi mini bayani cewa marubucin ya samo labarin daga camfin ƙauyukan gabashin Turai, inda ake rataya tafarnuwa a ƙofa. Ashe Hajiyata, da ta zo mana daga Katsina, ta kasa kunne. Ta cusa mata dunƙule uku a jaka, 'yan aji suka yi ta dariya.

Na ce, "Haba Hajiya, ƙagaggen labari ne fa! Kuma nan Greensboro ne, ƙasar Turawa!"

Ta ce, "Maye ne, suna kawai suka sauya masa. In ƙarya ne, wa ya gaya wa Turawan tafarnuwa ce maganinsa?"

Wallahi na gaji. Na wanke jaka, na rarrashi yarinya, na shiga mota, sai ga wani ƙullin tafarnuwar a ƙarƙashin kujerata.

Har yanzu dai ban cire ba. Tsakani da Allah, ku da kun cire?